Tari iri ɗaya, cututtuka daban-daban: shin gwajin homon yana raba gardama?

Rahila, ma'aikaciyar jinya, Kumo:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ke cikin wannan zaure. Tun da hunturu ya sauka, galibin marasa lafiyar da ke zuwa mana kukansu ɗaya ne, wato tari da sarƙewar numfashi da nauyin ƙirji, alhali idan aka bi diddigi sai a tarar wannan asma ce, wancan tarin fuka ne, wani nimoniya, wani kuma zuciyarsa ce ta gaza har ruwa ya taru masa a huhu. An shaida mini cewa a manyan asibitoci akwai gwajin jini da ke auna wasu sinadaran homon, wato sinadaran da gaɓoɓi ke fitarwa cikin jini don su tafiyar da ayyukan jiki, kuma da shi ake bambance waɗannan cututtuka. Shin haka abin yake? Idan kuwa haka ne, me ya hana a kawo shi asibitocin ƙananan hukumomi?

Malam Yakubu, ɗakin gwaje-gwaje, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malama Rahila. Abin da aka shaida miki gaskiya ne, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira BNP. Homon ne da naman zuciya yake fitarwa idan jini ya yi mata yawa ta miƙe fiye da kima, kuma aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa domin nauyin ya ragu. Masana a ƙasar Japan ne suka fara gano shi a shekarar 1988. A shekarar 2002 aka wallafa wani babban bincike da aka gudanar a Amurka da Turai a kan mutum 1,586 da suka zo sashen gaggawa da sarƙewar numfashi, inda aka ga cewa idan adadinsa a jini bai kai fikogiram 100 a kowace mililita ba, da wuya a ce gazawar zuciya ce ke damun mutum, likitoci kuma suna ɗauka cewa idan ya haura 400 to zargin ya yi ƙarfi. Akwai ɗan'uwansa NT-proBNP, wanda iyakarsa ta kore zargi ga mai sarƙewar numfashi ta gaggawa ita ce 300. Na'urorin da ke auna su a yanzu ba su da girma, kuma sakamako yana fitowa kafin mara lafiya ya bar benci. A ganina tsadar kayan aikin ce kawai ta hana su yaɗuwa, kuma ya kamata kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya mallaki ɗaya.

Dakta Auwal, likitan ƙirji, Gombe:
Malam Yakubu ya kawo alƙaluma daidai, sai dai ina so Rahila ta lura da ainihin tambayar da wannan gwaji yake amsawa. BNP ba ya bambance cutar huhu da wata cutar huhu. Abin da yake faɗa shi ne ko matsalar daga zuciya take ko ba daga can ba. Idan ya fito ƙasa, kin kore zuciya, amma har yanzu ba ki san ko asma ce ko tarin fuka ko nimoniya ba. Idan ya fito sama, nan ma ba a gama ba, domin tsufa yana ɗaga shi, ciwon ƙoda yana ɗaga shi, rikicewar bugun zuciya tana ɗaga shi, gudan jini da ya toshe jijiyar huhu ma yana ɗaga shi, ƙiba kuma tana saukar da shi har ta ɓoye cutar da take nan. Saboda tsufan ne ma aka rarraba iyakar NT-proBNP gida uku, wato 450 ga wanda bai kai shekara 50 ba, 900 ga mai shekara 50 zuwa 75, da 1,800 ga wanda ya haura haka.

Abin da ya fi damuna a yankinmu shi ne tsohuwar da ta kwashe shekara da shekaru tana girki da itace a ɗakin da hayaƙi ba shi da mafita, ko dattijon da ya warke daga tarin fuka amma huhunsa ya cika da tabo. Irin wannan huhu yana wahalar da ɓangaren dama na zuciya har ya kumbura, ƙafafu su tasa, BNP ya hau. Wanda ya dogara da takardar sakamako kawai zai rubuta gazawar zuciya, ya ba da maganin fitar da ruwa, ya sallami mutum, alhali tushen ciwon yana cikin huhu. A irin wannan hali hoton zuciya da gwajin hura iska su ne suke warware mana magana.

Kabiru, ɗalibin likitanci, Gombe:
Ranka ya daɗe Dakta, na gode da wannan bayani. To mene ne matsayin firokalsitonin? An koya mana cewa shi yana bambance nimoniyar da bakteriya ta haddasa da wadda bairos ya haddasa, kuma waɗannan biyun duk cututtukan huhu ne da hotonsu yake iya kamanceceniya.

Malam Yakubu:
Ka taɓo inda nake so a je, Kabiru. Firokalsitonin shi ne ɗanyen sinadarin da ƙululun maƙogwaro yake sarrafawa ya zama homon ɗin kalsitonin, kuma a jikin mai lafiya kusan ba a ganin sa a jini. Idan bakteriya ta mamaye jiki, gaɓoɓi da dama sukan shiga fitar da shi, ya hau cikin 'yan sa'o'i kaɗan, amma idan bairos ne, sinadarin da jiki ke fitarwa don yaƙar sa yakan danne shi. Likitoci a Faransa ne suka bayyana haka a shekarar 1993. Ƙasa da nanogiram 0.25 a mililita yana nuna cewa da wuya bakteriya ce. Ku dubi yadda ake rabon antibayotik a garuruwanmu ga duk wanda ya yi tari sau biyu, sannan ku gaya mini ko ba ma bukatar abin da zai taka wa wannan ɗabi'a birki.

Dakta Auwal:
Muna bukata ƙwarai, amma ina shakkar wannan gwajin ne zai taka birkin. A ƙasar Suwizalan an yi binciken da ya nuna yana rage shan antibayotik, amma da aka gwada a asibitocin Amurka, sakamakon da aka wallafa a 2018 bai nuna raguwar a zo a gani ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji da na cututtuka masu yaɗuwa na Amurka suka fitar a 2019 ta ce idan alamomi da hoton ƙirji sun tabbatar da nimoniya, a fara magani ko da firokalsitonin ya fito ƙasa. Inda ya fi amfani shi ne wajen sanin ranar da za a tsayar da maganin, idan an ga yana sauka kwana bayan kwana. Wannan kuwa yana nufin a maimaita gwajin sau da yawa, kuma kowa a nan ya san aljihun wanda zai biya.

Baba Sale, tsohon jami'in lafiya, Dukku:
'Ya'yana, ina biye da ku tun farko, kuma na ƙaru. Tambaya ɗaya gare ni ga Yakubu. Mu nan yaron da ya zo da zazzaɓi da numfashi sama-sama a ƙarshen damina, abu biyu ne ke gaban mai duba shi, ko nimoniya ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wani lokaci ma duka biyun a tare. Shin gwajin naka yana raba waɗannan?

Malam Yakubu:
Baba, a nan kam ba ya rabawa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana ɗaga firokalsitonin sosai ko da babu bakteriya, haka ma ƙuna mai faɗi da babbar tiyata da mummunan rauni. Dole sai an haɗa shi da gwajin maleriya.

Baba Sale:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Abin da aka ƙera shi a ƙasar da ba ta san sauro ba, idan ya zo nan sai an sake auna shi da ma'auninmu. Sannan ina jan hankalin ƙananan ma'aikata a kan wani abu da na ga yana neman ɓacewa a wannan tattaunawa. Duk wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye, musamman idan akwai rama da gumin dare da zazzaɓin maraice, abin da ya wajaba a fara da shi shi ne gwajin kaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert tun ƙarshen 2010, tana gano ƙwayar tarin fuka cikin kamar sa'a biyu, ta kuma faɗa ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, kuma gwajin da maganin na wata shida duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. An ce firokalsitonin yakan zauna ƙasa ga mai tarin fuka idan aka kwatanta da mai nimoniya, na yarda, amma ba zan so in ji an karɓi kuɗin talaka a kan gwajin da zai ce wataƙila, alhali ga na kyauta da zai nuna ƙwayar kanta.

Dakta Bilkisu, likitar mata, Gombe:
Barkanku da ƙoƙari. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma na ga an tsallake gwajin homon da ya fi kowane araha, wanda kuma yake cikin aljihun teburin Rahila a yanzu haka, wato tsinken gwajin ciki. Abin da yake aunawa homon ne mai suna hCG, wanda mabiyiya ke fitarwa. Akwai nau'in ciwon daji da ke tsirowa daga naman mabiyiya, kusan rabinsa yana biyo bayan irin cikin nan da babu ɗa a cikinsa sai ƙulle-ƙullen ruwa, sauran kuma bayan ɓari ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa ko ma lafiyayyar haihuwa. Wurin da ya fi saurin bazuwa shi ne huhu, kuma idan ya isa can abin da yake kawowa shi ne tarin jini da rama da sarƙewar numfashi, wato dai alamomin da kowa zai rantse tarin fuka ne.

An taɓa turo mini wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, riƙe da katin shan maganin tarin fuka wanda aka cike layukansa na wata uku ba fashi. Gwajin kakinta bai nuna ƙwaya ba tun farko, amma da yake tana tarin jini aka ɗora ta a kan magani bisa zato. Uwar mijinta ce ta zaro hoton ƙirjin daga cikin leda, kuma da na ɗaga shi ga hasken taga sai na ga dunƙule-dunƙule farare, zagayayyu, masu santsin baki, warwatse a huhun biyu, sun fi yawa ta ƙasa, alhali tarin fuka ya fi son saman huhu kuma yakan yi kogo. Na tambaye ta yaushe rabonta da ciki, sai ta sunkuyar da kai, uwar mijin ce ta amsa cewa ta yi ɓari bara kuma tun daga lokacin jini bai ɗauke mata sosai ba. Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya, ita kuma kunya ba ta bar ta ta faɗa wa namiji mai duba tari ba. Tsinken gwaji ya nuna layi biyu, hoton mahaifa ya nuna babu ɗa.

Abin da ya sa nake jaddada wannan shi ne ciwon yana warkewa ga mafi yawan mata ko da ya riga ya kai huhu. Shi ne ciwon daji mai ƙulli na farko da aka warkar da magani bayan ya bazu, a Amurka a 1956, da maganin metotireksat, kuma homon ɗin da ya tona asirinsa shi ne ake ci gaba da aunawa don a ga ko magani yana ci. Ga maza ma akwai makamancinsa da ke tasowa daga maraina, don haka saurayi mai irin wannan hoton ƙirji shi ma a duba shi.

Rahila:
Anti Dakta, wallahi wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ke nan duk macen da take shekarun haihuwa da ta zo da tarin jini, kuma kakinta bai nuna ƙwaya ba, ya dace a yi mata gwajin ciki kafin a ɗora ta a kan magani bisa zato?

Dakta Bilkisu:
Haka nake koya wa duk wanda ya biyo ta hannuna, kuma a haɗa da tambayar al'ada da ɓari da haihuwar ƙarshe, a keɓe, ba a gaban dangin miji ba idan da hali. Tunda kuma an fara da BNP, bari in ɗan goyi bayan Malam Yakubu a wuri ɗaya. Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa, har likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu a kanta tun shekarun 1970, suna danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, kodayake binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilan kamar rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki. Mai jego da ta kasa kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, ƙafa a kumbure, sau da yawa ana ce mata sanyi ne ya kama ta ko asma ce ta taso. Ita yarinya ce, ƙodarta lafiya, huhunta ba tabo, saboda haka abubuwan da Dakta Auwal ya lissafa masu rikita sakamako ba su cika shafar ta ba, kuma idan homon ɗin ya hau a jikinta to magana ce mai ƙarfi da za ta sa a tura ta hoton zuciya ba tare da ɓata lokaci ba.

Hajiya Hadiza, mai harhaɗa magunguna, Bauchi:
Ina da ƙari ta fuskar magani. Masu asma da yawa sun gano cewa ƙwayar firednisolon ko deksametazon tana buɗe musu ƙirji, don haka suna saya a kemis su yi ta sha wata da watanni, ban da matan da ke shan ta don ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Waɗannan magunguna kwaikwayon homon ɗin kotizol ne, kuma idan an daɗe ana sha, ƙullin da ke saman ƙoda yakan daina sarrafa nasa. Dakta Auwal, yaya wannan yake shafar gwaji idan irin wannan mutum ya zo da ciwon ƙirji?

Dakta Auwal:
Hajiya, kin buɗo ƙofa mai faɗi. Na farko, maganin yana raunana garkuwar jiki, tarin fukan da yake kwance ya farka, kuma yana danne zazzaɓi har a kasa gane shi da wuri. Na biyu, idan mutum ya daina sha farat ɗaya, jininsa yakan faɗi, ya yi ta amai, gishirin jininsa ya sauka. To tarin fuka ma yana iya cinye wannan ƙulli na saman ƙoda ya kawo alamomi kusan iri ɗaya, kuma wannan ita ce cutar da Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, lokacin da tarin fuka ne babban sanadinta. Bambancin shi ne idan ƙullin ne ya lalace, homon ɗin ACTH, wanda ke umartar ƙullin ya sarrafa kotizol, yakan hau sosai, mutum ya yi duhu a layukan tafin hannu da dadashi da harshe, sinadarin fotasiyam ya hau, amma idan magani ne ya danne shi, ACTH ɗin a ƙasa yake kuma babu wannan duhun. Ana ɗibar jinin kotizol da misalin ƙarfe takwas na safe. A kuma sani cewa rifamfisin yana sa hanta ta ƙone kotizol da sauri, shi ya sa wani mara lafiyar yakan faɗi warwas makonni kaɗan bayan fara maganin tarin fuka.

Akwai kuma cutar sakoyidosis, mai tsirar da ƙananan ƙulle-ƙulle a huhu da wasu gaɓoɓi, wadda hotonta da alamominta suke kama da tarin fuka matuƙa, maganinta kuwa shi ne firednisolon ɗin nan da ke rura wutar tarin fuka. A nan ne mutane suka fi fatan homon ya cece su, domin ƙulle-ƙullen cutar suna sarrafa bitamin D ya koma homon mai ƙarfi da ke ɗaga kalsiyam a jini. Abin takaici, ƙulle-ƙullen tarin fuka ma suna yin haka. Gwajin ACE, wani sinadari a jini da ake yawan nema idan ana zargin sakoyidosis, shi ma yana hawa a tarin fuka da kuturta. Ba a raba su sai an ciro ɗan nama an duba a madubin likita, an kuma nemi ƙwayar ta kowace hanya an rasa.

Kabiru:
Ranka ya daɗe, saura ciwon dajin huhu. Na karanta cewa nau'in mai ƙananan ƙwayoyin halitta yana fitar da ACTH ko homon mai hana fitsari, wani nau'in kuma yana fitar da wanda ke ɗaga kalsiyam.

Dakta Auwal:
Karatunka daidai ne, kuma a jikin mutum biyu masu ciwon dajin huhu aka fara bayyana matsalar homon mai hana fitsarin, wadda ke saukar da gishirin jini, a 1957. Amma nimoniya da tarin fuka su ma suna saukar da gishirin jini ta wannan hanyar, don haka ishara ce kawai da za ta sa ka ƙara bincike ga dattijo mai shan taba da bai samu sauƙi da magani ba. Tsakanin asma da toshewar hanyoyin iska ta dindindin kuwa babu homon da ake aunawa a asibiti. Gwajin hura iska ne, inda ake duba ko abin da mutum ya fitar a daƙiƙar farko ya gaza kashi 70 cikin 100 na dukkan abin da ya fitar bayan an ba shi maganin shaƙa, wanda hakan ke nuna toshewa ta dindindin.

Malam Yakubu:
Dakta, na karɓi mafi yawan abin da ka faɗa, amma ban sauka daga ra'ayina a kan BNP ba. Kai kana zaune inda akwai na'urar hoton zuciya da wanda ya iya karanta ta. Ma'aikacin da ke Dukku ko Ningi ba shi da ko ɗaya, kuma shawarar da ke gabansa ita ce ya riƙe mara lafiya ko ya sa iyalinsa su nemi kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Gombe ko na Bauchi. Gwajin da zai kore zuciya da tabbaci yana da daraja a wurinsa fiye da yadda yake da ita a wurinka.

Dakta Auwal:
Wannan hujja ce mai nauyi, Malam, ban musa ba. Inda muka rabu shi ne idan kuɗin na'ura ɗaya ne a hannu, ni zan sayi ta hura iska da abin auna iskar jini na yatsa kafin ta BNP, domin kayan gwajin BNP suna da ranar lalacewa, da yawansu kuma suna son firji, ka kuwa san halin wutarmu.

Rahila:
Anti Dakta Bilkisu, tambaya ta ƙarshe a kan tsinken gwajin. Idan hoto da labarin mace sun yi kama da abin da kika bayyana, amma tsinken ya nuna layi ɗaya, shi ke nan an kore zargin?

Dakta Bilkisu:
A'a, ƙanwata, kada ki tsaya a nan. Idan homon ɗin ya yi yawa fiye da kima yakan cika tsinken har ya nuna layi ɗaya ko na biyu mai dishi-dishi, kuma a irin wannan ciwon ne aka fi ganin haka. A ɗakin gwaji akan sirka fitsarin sannan a maimaita, sai layin ya fito sarai. Mafi inganci shi ne ki rubuta mata takardar zuwa asibitin koyarwa a auna adadin hCG a jini, ki ambaci ranar ɓarin ko haihuwar a cikin takardar, ki haɗa mata da hoton ƙirjin da sakamakon kakin, sannan ki gargaɗi danginta cewa kada a yarda a yi mata wankin ciki a ƙaramin asibiti kafin ta isa, domin irin wannan naman yana zubar da jini mai wuyar tsayarwa.